Tsohon Gem Mai Miƙo Abu da Hagu

Mun ga ƙarshen gem ɗin! Ni na kai shi, da wannan babban yatsan nawa, kuma tsohon nan da muka yi wata da watanni muna tsine wa ba munafuki ba ne. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ce na ja masa rai. In kuma kana son jin irin faman da na sha kafin a kai ga haka, to gyara zama.

Ina aji biyar a sakandare lokacin, nan Kontagora, cikin shekarun casa'in ɗin nan. Bayan tasha akwai shagon wani mai gyaran rediyo, Banufe ne dogo, ba ya dariya sai in rediyon da ta ba shi wahala ta yi magana. Oga muke ce masa. Wata rana ya dawo daga Legas da wani ɗan akwatin wasan gem ruwan toka, ya jona shi da wata tsohuwar talabijin, ya jera benci. Shi ke nan, unguwa ta rikice. Ana cusa kaset a saman akwatin, in ya ƙi tashi a zare a hura masa iska a mayar. Abin dannawa kuwa fad sunansa, ɗan faifai mai wutsiyar waya. Wanda ya riƙe fad shi ne sarki har rayukansa su ƙare, sai na bayansa ya karɓa.

Ni kam, ba cika baki ba, yatsana ba ya jiran umarni. Kafin idona ya gama ganin abu, ya riga ya danna. Kasakasai sun zo sun tafi, na ƙwallo, na tseren mota, na dambe, duk na taka su. Guda ɗaya ne ya shaƙe mu.

Da an kunna shi sai a nuna wani ƙauye, bukkoki da 'yan mutane. Wani ƙaton tsuntsu ya sauko ya sure wani abu mai sheƙi daga tsakiyar gari, ya yi sama. Sai rubutu ya cika talabijin, ba boko ba, ba ajami ba, kamar an zubar da kwalin ashana a ƙasa. Daga nan a sako maka wani ɗan guntun yaro mai shuɗiyar riga, riƙe da sanda, ka yi ta kora shi daga hagun talabijin zuwa dama. Ina za shi? Me aka sace? Oho. Ba wanda ya iya karanta ko ɗigo.

Wanda ya cece mu abokina ne, ɗan Salka, ajinmu ɗaya. Iyayensa manoma ne, shi kuma yana zaune wurin kawunsa kusa da coci. A makaranta ba ya son a tashe shi karatu, don da ya buɗe baki 'yan bayan aji sun fara kwaikwayon Hausarsa. Amma ranar da aka fara kunna kaset ɗin nan, ya kalli tsuntsun ya ce, "Iri ya sace. Irin shukar gari gaba ɗaya, ga damina ta matso. In yaron nan bai ƙwato shi ba, bana ba mai shuka."

Daga ranar ya zama Mai Baki, kuma tsarinmu ya zauna: mai fad yana wasa, Mai Baki yana tsaye gefen talabijin yana fassara. Kowane ƙwaro sai da ya ba shi murya da dangi. Kwaɗon bakin rafi ya ce tsohon ɗan doka ne da aka sallama, shi ya sa yake tare hanya. Jemagun dutse 'yan gulma ne. In yaro ya faɗa rami sai ya yi kukan uwarsa, har wani mai facin taya da ke leƙowa ya taɓa share hawaye ya ce hayaƙi ne. A shagon Oga ba mai kwaikwayon Hausar kowa. In Mai Baki yana magana, ko tari ka yi sai an harare ka.

To, akwai wani tsoho a gem ɗin, mai farin gemu har ciki. Sau uku ake cin karo da shi: bakin kogi, gindin dutse, da ƙofar wani kogo. Kullum yana tsaye kan ɗan tudu, yana fuskantar yaron, yana miƙo wani abu kamar gora. Sai ka yi tsalle ka hau tudun za ka taɓa shi, in ba ka so ka wuce ta ƙasa.

Mai Baki ne ya fara lura. "Ku dubi hannun, jama'a! Da hagu yake miƙowa. Wane dattijon arziki ne zai miƙa wa ɗan mutane abu da hagu? Yaron tsuntsu ne wannan. Sammu ne cikin gorar."

Muka duba, wallahi hagu ne. Kowa a cikinmu ya sha ranƙwashi a gida kan miƙa abu da hagu, to ga gemu guda yana yi ba kunya. Aka sa masa suna Munafuki.

Da abin ya tsaya nan, da wani ya gwada. To wani ɗan Nasko mai taurin kai ya gwada ɗin. Ya daka tsalle ya hau tudu, yaro na taɓa gorar sai muka ji fuus! Hayaƙi ya tashi daga adaftar da ke ba akwatin wuta, talabijin ta mutu, wari ya cika shago. Aka daɗe ba gem kafin Oga ya samo wata adaftar. Ranar da ya sake buɗewa ya kori ɗan Naskon, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Duk wanda ya ƙara taɓa tsohon nan, kada in sake ganin ƙafarsa a shagona."

Wani ya ce, "Oga, ai kai ka ce wuta ce ta zo da ƙarfi."

"Na sani. Amma me ya hana ta zuwa da ƙarfi sai lokacin?"

Muka shige ciki muka zauna.

Haka muka ci gaba da wuce Munafuki ta ƙasa, muna yi masa daƙuwa. Kogi da wuya, amma ana hayewa. Dutse ya fi wuya, ni da wasu 'yan tsiraru muna hawa. Kogon ne maƙabarta. Da ka shiga talabijin za ta yi baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai rigar yaron, ga ramuka ko'ina. Na haddace na farko-farkon da yatsa, amma kullum akwai wani ramin a gaba yana jirana. Kuma gem ɗin ba ya ajiye maka inda ka tsaya. Ka mutu, ko a ɗauke wuta, sai ka koma ƙauye ka sake kallon tsuntsu yana sata.

Sai wata Laraba Oga ya ce, yana hura ƙurar wata rediyo ko kallonmu bai yi ba, "Ranar Asabar mai kawo kaset zai zo. Zan ba shi wannan ya ba ni na kokawa. Na gaji da jin kukan uwar yaron nan."

Wato kaset zai bar Kontagora, iri na hannun tsuntsu, ba mu san ƙarshe ba har abada. Ka ce mini ai wasa ne, na yarda, amma ranar tuwo ya ƙi wuce mini wuya. Inna ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. Ta yaya zan ce mata wani ƙauye da babu shi a duniya ne ba zai yi shuka ba?

Ranar Alhamis muna da darasin adabin Hausa. Malamarmu wata 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta duka, amma in ta kalle ka ta saman gilashin sai ka gwammace bulala. Ranar kan taurarin labari take magana. Ni hankalina na kogo, sai na ji ta ce, "Ba a gane tauraro da rigarsa ko gemunsa. Tambaya uku za ku yi. Me babban tauraro yake nema? Wa ke tare masa hanya? Wa ke tura shi gaba? Duk mutumin da kuka gani a labari, ku duba aikin da yake yi wa tafiyar. Mai tsara labari ba ya dasa mutum a bakin hanya don ado."

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

"Malama, in a labari akwai tsoho da ke tare tauraro yana miƙa masa abu da hagu fa?"

"A wane littafi?"

Na fara in-ina. Daga baya wani ɗan iska ya ce, "Gem ne, Malama! Na shagon mai rediyo!" Aji ya fashe da dariya. Na saci kallon Mai Baki, ya sunkuyar da kai yana zane a tebur da farce.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ya taɓa dukan tauraron?"

"A'a."

"Ya taɓa hana shi wucewa?"

"A'a, Malama. Tsayawa kawai yake."

"A ina yake tsayawa?"

"Bakin kogi, gindin dutse, ƙofar kogo."

"Wato duk inda wuya za ta fara."

Ban taɓa jera su haka a kaina ba.

"Masu tare hanyar fa, tsayawa suke su jira ka zo?"

"Ina! Kanka suke yowa."

"To. Wanda ya tsara labarin, ɗan garin nan ne?"

"Rubutunsu ma ba ma iya karantawa."

"Ka san ko hagu abin kunya ne a garinsu? Ni ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba." Ta juya allo. "Ban ce maka mutumin kirki ne ba, ban gan shi ba. Na ce ka duba aikinsa. Saura ku buɗe littafi."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na je shago, amma ban karɓi fad ba. Na zauna ƙarshen benci ina kallo kamar baƙo. Wani ke wasa, kwaɗo ya biyo shi, ya juya da gudu ya koma baya. Nan na ga abin da na yi watanni ina gani ban gani ba. Yaron na tafiya gaba sandarsa na hannun dama. Yana juyawa baya, sanda ta koma hagu. Ya sake juyowa, ta dawo dama. Ba musanya hannu yake ba, hoton ne kawai ake kifawa kamar a madubi. Duk wanda ya fuskanci hagun talabijin a duniyar nan bahago ne. Tsohon kuwa kullum mu yake fuskanta, mu da ke zuwa daga hagu. Bawan Allah ba shi da yadda zai yi.

Maimakon murna, tsoro ne ya kama ni.

Da aka tashi na bi Mai Baki har wajen masu mangwaro.

"Mutumina, tsaya mana. Maganar Munafuki ce."

"Kar ka fara. Jiya ka gama kunyata mu a aji."

"Ka lura in yaro ya juya baya, sandarsa hagu take komawa?"

Ya ci gaba da tafiya. Can ya ce, "Na gani tun tuni."

"Kai! Ka gani ka yi shiru?"

"In ce me? In ce jama'a ku yi haƙuri, duk abin da na faɗa muku shirme ne?" Ya tsaya ya kalle ni. "Kai in ka faɗi a gem, gobe ka dawo ka sake. Ni in na faɗi, shagon nan ya zama aji. Ka san me za su fara."

Na sani. Har muryar da za su yi na sani.

"To amma gobe kaset zai tafi, baaba."

"Ya tafi mana. Na kokawa ma yana buƙatar baki."

"Ba ka son ganin ƙarshe?"

Ya tsinci wani ƙwallon mangwaro ya jefa cikin kwata. Sannan ya ce, "In ka taɓa tsohon adafta ta ƙone, kai ka ƙone. In ka taɓa ba ta ƙone ba, ni na ƙone. Ka ga ko ta ina akwai wari."

"To ya zan yi?"

"Yatsanka ne," ya ce, ya shige lungunsu.

Asabar ta zo da hadari. Tun hantsi gabas ta haɗe, kuma duk ɗan Kontagora ya san masu wuta: iska na kaɗa ganye sun ɗauke. Na isa shago bayan azahar na tarar da layi, kowa na son yin bankwana da kaset. Mai kawo kaset ma har ya iso, wani mai ƙaton tumbi da jaka a hammata, ya zauna bakin ƙofa yana shan mangwaro yana jiran motar yamma. Duk wanda ya karɓi fad sai in yi ta addu'a a zuci ya mutu da wuri, Allah ya yafe mini. Ina kallon fankar sama, ina kallon ƙofa. In fanka ta rage gudu, sai in miƙe tsaye.

Mai Baki na wurinsa yana fassara, amma muryar ba ta da gishiri. Ko sau ɗaya bai kalle ni ba.

Da layi ya zo kaina an kusa la'asar. Oga ya ce, "Kai ne na ƙarshe. Kana mutuwa zan zare."

Fad ɗin ya jiƙe da zufar mutane. Na goge a riga. Tsuntsu ya yi satarsa, na fita da gudu. Na iso bakin kogi, ga tsoho kan tudu yana miƙo gora. Na ce yanzu. Yatsana ya ƙi. Wallahi yatsan da bai taɓa jiran umarni ba, ranar umarnin ma ya ƙi bi. Na wuce ta ƙasa, 'yan benci suka yi masa daƙuwa kamar kullum. A tsakiyar kogi na yi wani tsallen banza, kifi ya cinye ni.

"Yau gwani ya sha koko da yawa," in ji wani.

Gindin dutse ma haka. Na tsaya ƙarƙashin tudun har aka ce, "Wuce mana, ko gaisawa za ku yi?" Na leƙa Oga, yana teburinsa da ƙarfen narka dalma a hannu, amma idonsa na kaina. Na wuce. Jemagu suka yi mini taron dangi, wani ran ya tafi. Da na iso ƙofar kogo saura rai ɗaya tal.

Iska ta taso a waje, kwanon rufi ya fara ƙara. Mai kaset ya miƙe yana goge hannu a wando. Ga kogo baƙi a gabana, na san abin da ke ciki, na san ba zan wuce ba. Ga tsoho a sama, hannu a miƙe. Na tuna Malama: duk inda wuya za ta fara. Na tuna hayaƙin adafta. Na tuna muryar 'yan bayan aji.

Na ce bismillah, na danna tsalle.

"Kai! Kai! Kai!"

"Ya haukace!"

"Oga, zai taɓa Munafuki!"

Benci ya kife. Wani ya ruga waje don kada abin ya fashe da shi. Na ji hannun Oga ya damƙi wuyan rigata ta baya. Daidai lokacin fanka ta yi wani nishi, ƙwan lantarki ya yi ja kamar garwashi, hoton talabijin ya tsuke. Na rufe ido. Na ce shi ke nan, na kaɗe har ganyena.

Sai na ji wani ɗan kiɗa, tilin-tilin, wanda ba mu taɓa ji ba. Na buɗe ido. Wuta ta dawo daidai. Gorar na saman kan yaron tana walƙiya. Oga bai sake ni ba, ni ma ban tsaya neman izini ba, na diro na faɗa kogo da rigata a hannunsa.

Haske! Wata da'irar haske ta kewaye yaron, tana binsa duk inda ya yi. Ga ramukan nan ɓaro-ɓaro, ga matakala, ga hanya. Fitila ce. Duk watannin nan fitila bawan Allah ke miƙo mana.

Ihun bai daɗe ba, sai kawuna suka juya wajen Mai Baki.

"Kai, ba kai ka ce sammu ba ne?"

"Ashe duk zuƙi ta malle ce!"

Daga can baya wani ya fara lanƙwasa murya irin yadda ake yi masa a aji. Ina wasa, amma kunnena na wurinsa, har na kusa taka rami da idona a buɗe. Na tsayar da yaron a wani dandali, na kasa ci gaba. Mai Baki na tsaye, ya ƙura wa talabijin ido. Na ce na kashe abokina.

Sai ya ranƙwafa. Ya saki hannunsa na dama ya yi lilo kamar tsumma, ya ɗaga na hagu, ya yi magana da wata murya mai karkarwa da ba mu taɓa jin ya yi ba.

"Yaro, ka yi haƙuri da hagu. Na daman, tsuntsu ya shanye mini shi, shekarar da na je ƙwato irin nan ni kaɗai. Kullum ina tsaye a rana ina miƙo maka, kana wuce ni kana zagina. Ban yi fushi ba. Karɓi, ka je ka gama abin da na kasa."

Mai facin taya, da ban san lokacin da ya shigo ba, ya ce, "Allah sarki, Baba."

Mai lanƙwasa muryar ya ce, "Amma ai kai ka ce..."

Mai Baki ya miƙe ya koma muryarsa. "Ni ma ruɗa ni ya yi. Labarin da ka san cikinsa tun farko, labari ne? In ka iya, zo ka tsaya nan."

Ba wanda ya zo. Oga ya saki rigata a hankali. "Ci gaba," ya ce. "Amma in na ji wari, da kai da shi da tsohon duk waje."

Abin da ya biyo baya ban iya ba da shi daki-daki, don rabinsa yatsana ne ya yi ba ni ba. Na san dai kogon ya yi tsawo, kuma rai ɗaya gare ni. Na san duk lokacin da iska ta bugi kwano sai shago gaba ɗaya ya ɗaga kai ya kalli fanka. Wani na ta salati, wani na cewa, "Masu wuta, don girman iyayenku!" Aka kira la'asar, Oga ya kalli agogo ya kalle mu, ya ce a gama tukuna amma kowa ya sani yana da bashin salla. Mai kaset ya ajiye jakarsa ya matso har tumbinsa na taɓa kafaɗata.

A ƙarshen kogo tsuntsun ya sauko, ya cika rabin talabijin. Fuka-fuki, wuta daga baki, ƙasa na zubewa. Botin ɗin tsalle ya yi santsi da zufa, yatsana na zamewa. Mai Baki ya zama mutum biyu, yana zagin yaro da muryar tsuntsu, yana rama wa yaro da tasa. "Ɗan talakawa, koma gida!" "Sai da iri, ɓarawon banza!" Na lura in tsuntsun zai feso wuta sai ya ja wuya baya, to nan ne ƙirjinsa ke buɗewa. Na daka masa sanda. Na kauce. Na sake. Wani karon wutar ta wuce ta saman kan yaron har na ji zafinta a nawa kan. Ƙwan lantarki ya sake yin ja, na ce wayyo ba yanzu ba, ba yanzu ba, na rufe ido ɗaya na kai sara.

Tsuntsu ya yi fari, ya yi ja, ya tarwatse.

Ban san wa ya ɗaga ni sama ba. Na san dai kaina ya bugi wata rediyo da ke rataye. Oga na ihu a yi hankali da waya, amma haƙoransa duk a waje.

"Shiru! Shiru! Ana nunawa!"

Aka nuno ƙauyen. Yaro ya shigo da abin nan mai sheƙi a ka, 'yan mutane na tsalle. Sai ga tsoho ya fito daga wata bukka ta hagun talabijin, ya tako ya tsaya gaban yaron. Wannan karon dama yake fuskanta. Ya ɗaga hannu ya ɗora a kan yaron.

Mai facin taya ne ya fara gani. "Dama! Da dama ya shafa masa kai! Hannu ya warke!"

Shago ya kaure da ihu. Ana ta dukan bayan Mai Baki, ana cewa ya aka yi ka sani, shegen kaya, ya aka yi ka sani. Ya kallo ni ta saman kawuna. Ni da shi mun san maganar madubi. Na mayar da idona kan talabijin.

Rubutun ashana ya fara hawa sama layi-layi. Aka ce Mai Baki, fassara! Ya gyara murya ya ce sunayen masu gonaki ne da aka raba wa iri, ya fara karantowa, yana saka sunan kakan kowa da ke shagon. Bai kai ƙarshe ba aka ɗauke wuta. Ruwan ma bai sauka ba ranar, iska ce kawai ta yi ta haukanta ta wuce.

Muka roƙi Oga ya bar kaset ɗin. Ya ce magana ɗaya yake yi, ya riga ya ce zai bayar. Ya zare, ya hura masa iska don sabo, ya miƙa. Mai kaset ya jefa a jaka ya ruga tasha.

Ranar Litinin na tare Malama a baranda na ba ta labari, ina haɗa kalmomi don zumuɗi. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce abu ɗaya ne ya tsaya mata: a littafi in an miƙa wa tauraro abu, marubuci ne ke karɓa masa, mai karatu ba shi da ta cewa. Ba ta taɓa jin labarin da masu sauraro za su hana tauraro karɓar taimako har tsawon watanni ba. Ta tambaye ni, "To a naku ɗin, wa ke tare wa yaron hanya, tsuntsun ko ku?" Aka buga ƙararrawa, ta ce in rubuta duka yadda ya faru, da bakin da nake magana, kada in yi mata Hausar jarrabawa.

Matsalar ita ce, ranar Asabar ɗin nan ba kowa ke nan ba. Abokanmu 'yan Ibeto sun tafi gida taya sharar gona. Ɗan Naskon da aka kora kan adafta ba ya ko bin layin shagon, ga shi ashe shi ne mai gaskiya tun farko. Har yau in na haɗu da wasunsu sai su ce ƙarya muke, ba wanda ya wuce kogo, kuma tsohon Munafuki ne. Kaset ya tafi, ba ni da abin nunawa.

Don Allah in ka gama karantawa kada ka ajiye. Ba wa na kusa da kai, shi ma ya ba wani, har ya kai ga duk wanda ya taɓa zama kan bencin nan bai ga ƙarshe ba.